Rubuta jerin rundunarka kafin ka taɓa aljihu

Ina karatu a Ingila. Abokai sun ja ni wasan yaƙin tebur da ake yi da ƙananan sojojin dalma da roba, har na shiga gasa. An ce in aika jerin rundunata, ni kuwa na riga na sayi akwati biyar na sojojin Rumawa. Ta ina zan fara? (Ɗalibi, Manchester)

Ɗana, ka yi riga malam masallaci. Takarda ake fara cikawa, sannan a je kanti. Kowace dokar wasa da iyakarta: a DBA, wadda ta fito a 1990, rukuni 12 ne cif-cif; a L'Art de la Guerre yawanci maki 200 ake ba ka, kowane rukuni da farashinsa na maki, kuma an ƙayyade mafi ƙaranci da mafi yawan da za ka ɗauka na kowane iri.

Sannan wane Rumawa ka saya? Idan gasar ta zamanin Hannibal ce, sarkin yaƙin Carthage da ya kara da Rumawa, wato yaƙin 218 zuwa 201 kafin haihuwar Annabi Isa, sojojin nan masu sulken ƙarfe sala-sala ba su da gurbi, sai bayan ƙarni biyu suka bayyana. Ka duba tsayi kuma. Gasa ta 'yan milimita 15 daban, ta 28 daban, faɗin farantin da ake manna su ma ya bambanta: milimita 40 da 60.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mutum ya ga hoto a jikin akwati, ya zaro kati, bai tambayi kowa ba. Kuɗin nan fam ne, daga gida aka turo su, ka san naira nawa aka canza. Idan aljihu ya yi zafi kuma sai a faɗa wa masu jabu a intanet, waɗanda ke kwafar aikin wani kamfani su sake zubawa. Fuska a dame, jiki duk ƙananan ramuka, mashi ya karye ranar farko. Araha ba ta ado. Kada ka buɗe sauran akwatunan. Rubuta jerin, ka nuna wa mai tantancewa tun kafin ranar rufewa, abin da ya yi rara ka mayar ko ka sayar.

Wace runduna ce ba a cin ta?

Da akwai ta, da kowa ita zai kawo. Ɗauki wadda ka iya, ka yi ta gwaji da ita.

Fentina bai yi kyau ba, ina jin kunyar fito da su gaban mutane. (Wata 'yar'uwa, Leeds)

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Daga tsaye ake kallon tebur, ba mai leƙa idon soja. Gasa da yawa dai na son a zo da su da fenti, to ki yi launi uku ko huɗu a tsabtace, abokin karawa ya gane maharba daga masu mashi. Masu dalma kuwa ki nisanta su da yara, ki wanke hannu bayan kin kankare su.

Akwai rundunar ƙasarmu a wasan? (Daga Kano)

Akwai, Malam. DBA na da jerin Sudan ta Yamma, wato daulolin Afirka ta Yamma irin su Songhai da ƙasar Hausa, daga shekarar 1000 zuwa 1591, shekarar da bindigogin Maroko suka karya Songhai a Tondibi. Mahaya masu lifidi da 'yan baka duk suna ciki. Sai dai ka lissafa kuɗin jigila da na kwastan kafin ka yi oda, ka kuma tabbata kana da abokin wasa a gari. Ku fara gwadawa da kwali da aka yanka daidai faɗin faranti. Idan kun yi wata guda ba ku gaji ba, sai a yi maganar saye.