Amsa ga amaryar da ke tambaya ko ta juye kuɗin adashinta a kayan abinci

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce ana ta raɗe-raɗin za a sake kulle gari tunda korona ta dawo, ga shi ke ce da ɗaukar adashe a ƙarshen Disambar nan ta 2020, kina so ki ji ko ki juye kuɗin gaba ɗaya a kayan abinci, kuma tun da kika fara jin zancen barci ya ƙaurace miki. Na ga 'yan'uwa da dama sun ce ki jibge buhun shinkafa biyu a ɗaki ki huta. Ni ba haka zan ce ba. Ki yi haƙuri da tsawon rubutu, ke kullen farko a gidan iyayenki ya same ki, ni kuwa ya same ni da yara da surukata da maigidan da sai ya fita kasuwa ake ɗora tukunya.

Kada ki juye kuɗin duka. Ki sayi abinci da wani kaso, ki riƙe sauran tsabarsu a gida inda hannunki zai kai.

Dalilina shi ne abinci bai ɓace a Kano ba a lokacin kulle. Hatsi na nan jibge a Dawanau, kayan masarufi na nan a kasuwar Singa. Kuɗin shiga ne ya tsaya cak, sannan babu wanda ya san ranar da za a buɗe. Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Kano, daren 16 ga wata Gwamna Ganduje ya rufe gari, aka ce mako ɗaya. Kowa ya yi lissafin mako ɗaya. Aka ƙara, aka ɗan sassauta ana gobe azumi don a yi cefane, azumi ya kama ranar 24, sai ga Shugaba Buhari ranar 27 ya ce Kano a rufe ta ruf na mako biyu, da suka cika aka yi ta ƙarawa. Sai farkon watan Yuli aka janye dokar baki ɗaya. Gidajen da na ga sun fi jigata a unguwarmu ba lallai waɗanda ba su da hatsi ba ne. Akwai maƙwabciyata da ke da shinkafa da taliya har katan, amma ba ta da na sayen gawayi, ba ta da na biyan ɗan garuwa, yaro ya kwanta zazzaɓi sai da aka haɗa mata na magani. Ta riƙa aiko da kwanon shinkafa a saye ƙasa da yadda ta saya. Bankuna a rufe, ranar da aka buɗe layin ATM har titi, mai POS ya ƙara caji in ma yana da kuɗin. Wanda ke da 'yan canji a ƙarƙashin katifa shi ya yi numfashi.

To me za ki saya da kason abincin? Abin da ba ya bukatar firji. Kin san yadda wuta take, kuma kullen nan ya faɗo ne a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu. Waɗanda suka cika firji da nama da kaji da markaɗen kayan miya, wasunsu rabawa suka yi dole kafin ya yi wari. Ki koma wa abincin iyayenmu: gero, dawa ko masara, wake, shinkafa 'yar gida, garin kwaki, manja da man gyaɗa, gishiri, sukari, kanwa, tsamiya. Kayan miya kuma busassu, kuka, kuɓewa, karkashi, daddawa, barkono, busasshen kifi, ƙuli-ƙuli, zogale. Da kuka da daddawa da ɗan manja kin yi miya ko babu tumatir ko ɗaya a gidan. Da wake da shinkafa da mai da yaji kin yi garau-garau. Ku biyu ne kacal a gida, don haka 'yan kwanuka sun ishe ku, buhu guda na abu ɗaya zai sa ki gaji da shi kafin ya ƙare, ya kuma cinye kuɗin sauran.

Kuma kin yi sa'ar lokaci. Yanzu ba a jima da kaka ba, hatsi bai kai tsadar da zai yi gab da damina ba. Nan da 'yan makonni tumatirin noman rani zai fara kwararowa daga Kura da Kadawa, ya yi araha har a rasa yadda za a yi da shi. Ki sayi kwando ko ku haɗa da wata ku raba, ki yanka, ki shanya a kan tabarma ko buhu mai tsafta, iskar hunturun nan za ta busar miki da shi. Haka tattasai da attaruhu. Albasa kuma kada ki ɗaure ta a leda, ki baza ta inda iska ke shiga. Shinkafar waje ki manta da ita, tun da aka rufe iyakoki a Agustan 2019 ta fi ƙarfin talaka, kuma ko da aka buɗe iyakokin su Maigatari da Illela a tsakiyar Disambar 2020 an ce haramcin shigo da ita yana nan.

Wake yana son kula. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki zuba a jarka mai tsafta wadda ta bushe, ki cika ta har wuya, ki toshe bakin da leda kafin ki murɗa murfi. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki mutuwa suke yi. Don Allah kada ki saurari mai cewa ki yayyafa fiya-fiya a abin da za ku ci.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: tsaba ba tuwo ba ce. Mu muna da dawa da gero a ɗaki, sai ga mai injin unguwa ya rufe, ranar da ya buɗe kuma babu wuta, man injin ma ya yi tsada. Ka ga robobi jere tun daga bakin injin har kwanar layi, kowace da ɗan ƙyalle ɗaure a hannunta don kada a musanya, yara na zaune a kansu cikin rana da azumi a baki. Surukata ce ta sa aka jawo turmin da ya zama kujera a tsakar gida, aka wanke, 'yan matana da ba su taɓa surfe ba suka koya a makon nan, hannu duk kanta. Saboda haka cikin abin da za ki saya ki niƙa wani ki tankaɗe ki shanya garin ya sha iska kafin ki rufe, ki bar wani tsaba domin gari ba ya daɗewa kamar tsaba. Ki yi gasarar koko ki busar. Ki cika tukunyar gas tun yanzu, ki ajiye ɗan buhun gawayi da kurfoti ko da ba kya amfani da su, da ashana da sabulu da omo da audugar mata. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Maganar shiga kasuwa kuma, nan ne na fi jin tsoro a lokacin. Da aka fara sassautawa Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, aka ce 'Yankaba da 'Yan Lemo su buɗe, sai gari duka ya ɗunguma wuri ɗaya a sa'o'i shida. An kulle mutane don kada su cakuɗu, sannan aka sake su lokaci guda suka cakuɗu fiye da kullum. Har yau ban gane hikimar ba. Kafaɗa da kafaɗa, mai kaya ya san ba ka da lokacin taya, abin da ya faɗa shi za ka biya. Abin da muka koma yi shi ne mutum ɗaya ke fita, kuma ba tsoho ba, ba mai ciwon suga ko hawan jini ba. Mu gida huɗu a layinmu muka riƙa haɗa kuɗi, kowa ya rubuta abin da yake so a takarda, saurayi ɗaya ya je ya sayo a sari, a zo a raba da kwano a zaure. Ya fi araha, kuma mutum uku sun tsira daga turmutsutsu. Wanda zai je ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ya san rumfar da zai nufa, ya dawo ya wanke hannu da sabulu sosai kafin ya taɓa kowa. Cutar ta numfashi ce, a cunkoso aka fi ɗaukarta, don haka ba sai kin wanke kowace ledar magi da ruwan bilic ba kamar yadda wasu suka riƙa yi har fatar hannu ta saɓule.

Ki kuma gyara tsakaninki da mai kantin layinku da mai kayan miya na bakin masallaci. In akwai bashi ki biya shi daga kuɗin adashen nan kafin komai. A ranakun da titi babu kowa sai jami'an tsaro da kotun tafi-da-gidanka, su ne suka riƙa miƙo wa mutane sukari da man gyaɗa ta ƙofar baya, kuma wanda suka san yana biya shi suka riƙa rubuta wa a littafi. Tallafin gwamnati kada ki saka shi a lissafinki ko kaɗan. Mun ji a rediyo ana rabawa, wasu sun samu, gidanmu dai ba mu gani ba, kuma kowa ya ga rumbunan da aka fasa a jihohi daban-daban a watan Oktoban 2020.

In akwai mai shan magani kullum a danginku, mahaifiyarki ko ta mijinki, a saya musu na wata guda ko biyu a ajiye. A lokacin da aka riƙa jin mutuwar dattawa a jere a Kano, asibitoci masu zaman kansu da yawa ba sa karɓar marasa lafiya, kuma mai hawan jinin da maganinsa ya ƙare ba shi da inda zai nufa.

Sai rashin barcin da kika ambata. Ni abin da ya fi cin raina a kullen nan waya ce. Da asuba saƙon murya ya shigo an ce gobe za a buɗe, da hantsi wani ya ce sai bayan Sallah, da yamma hoton makabarta, da daddare alƙaluman NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa. Yau a ce tafarnuwa da citta da lemon tsami, gobe a ce tazargade ne sirrin maganin korona na ƙasar Madagaska, jibi farashinsu ya tashi. Sai na yanke wa kaina doka: labarai sau ɗaya a rana a rediyo, bayan Magariba, abin da ban ji daga bakin hukuma ba ban ɗauke shi labari ba. Na kuma daina tambayar yaushe za a buɗe, na koma tambayar me za mu ci daga yau zuwa Alhamis. Wannan tambayar tana da amsa. Duk daren Lahadi nakan buɗe robobi in auna abin da ya rage in rubuta a bayan kalanda, maigida ya gani da idonsa. Hakan ya rage mana faɗa sosai, domin namijin da ya saba fita ya samo, in ya zauna a gida babu ko sisi, ƙaramar magana kan cefane sai ta zama babba. Ki zauna da naki angon tun yanzu ku yi lissafin tare, ya san nawa aka kashe nawa aka ɓoye.

Ki riƙa kiran Hajiyarku kuna hira kan wani abu daban, ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki samu aikin hannu, ko shanyar tumatirin nan ma aiki ne. In kuma rashin barcin ya ɗore har kin daina cin abinci ko ƙirjinki na bugawa, ki je ki ga likita, kada ki ce ai tunani ne kawai.

Zuwa Disambar 2020 abin da aka sanar shi ne rufe wuraren shaƙatawa da taƙaita taruka da ɗage komawa makarantu zuwa 18 ga Janairun 2021, ba a ce an kulle kasuwa ba. Kayan da na lissafa miki ko ba a yi kulle ba za ki ci su, ga azumi na tafe a watan Afrilun 2021. In za ki Dawanau ki nemi wadda za ku haɗa buhu ku raba, ki tafi da kwanon awonki, kuma ki tura hannu har tsakiyar buhun waken ki ɗebo ki duba kafin ki biya.