Ɗana na kuka da waƙar Bature, wai aljanu ne?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 19, yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Wata uku ke nan ya maƙale wa faifan wani Bature, mutum ɗaya da jita, can ganga ta shigo. Ya ce salon sunansa folk rock. Shekaranjiya na leƙa ɗakinsa na tarar da shi da iyafis a kunne, hawaye shaɓe-shaɓe. Gwaggonsa ta ce aljanu ne a kiɗan, a kai shi a yi masa hayaƙi. Na kasa barci. Daga wata uwa, Gusau.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Irin wannan faifai dama don ya taɓa zuciya ake yin sa. Mu nan mun saba da makaɗan fada irin su Ɗanƙwairo Maradun: kotso, 'yan amshi, a wasa ubangida. Shi kuwa mawaƙin ɗanki shi ya rubuta, shi ya rera, kuma ciwon kansa yake faɗa: rabuwa, mutuwa, kaɗaici. Ana matso da makirufo dab da bakinsa har ka ji jan numfashinsa, in murya ta karye a bar ta a karye. Ya fara a hankali da jita, sai ganguna su rufto a tsakiya, tsikar jiki ta tashi. Salon ya kafu a Amurka wajen 1965, shekarar da mawaƙi Bob Dylan ya hau dandalin bikin waƙoƙi na Newport da jitar lantarki. Kunnenmu ma bai baƙunce shi ba. Banjo, wata abar kiɗa mai tsirkiya da masu salon suke yawan sakawa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai asalinta, dangin gurmi da molo ce. Wanda ya taɓa yin tsit yana jin kuntigin Ɗan Maraya Jos ya san abin da nake nufi.

Hukuncin kiɗa kuwa fagen malamai ne, a tambaye su.

Sai batun Gwaggo, wanda shi ne ya hana ni sakat. Don an san goge da garaya a wajen bori, sai duk tsirkiyar da ta sa mutum hawaye ta zama ta iskoki? Kusan kullum sai an kawo min yaro asibiti bayan an gama wahalar da shi. An rufe shi da bargo an tura masa hayaƙin barkono, an zane shi da bulala wai aljanin ake duka, wani har da tabon mari a ƙafa. An karɓe akuya, an karɓe kuɗi, mai maganin da lasifikarsa ya wuce kasuwar gaba. Yaron da ya zo da damuwa kaɗan ya koma ba ya yarda da kowa a gidan, har uwar da ta haife shi. Abin takaici, wanda ke da ciwon damuwa na gaske a nan ake ɓata masa watanni. Kuma a Zamfarar yau, matasa nawa ne suka rasa aboki ko ɗan'uwa a hannun 'yan bindiga, aka ce musu namiji ba ya kuka? Wani a cikin waƙar nan kaɗai yake samun wurin zubar da hawayensa.

Ki lura da sauran rayuwarsa. In yana cin abinci, yana barci, yana zuwa lacca da masallaci, yana raha da abokai, ki ƙyale shi. In kuwa ya kai mako 2 ko fiye yana ƙunshe a ɗaki, ya rame, barci ya ƙaurace masa, ku je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. In ya ambaci mutuwa ko ya ce ya gaji da duniya, a ranar nan take za ku tafi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.

Yau da dare ki zauna kusa da shi, ki karɓi kunne ɗaya na iyafis ɗin, ki ce ya fassara miki baitin da ya fi so.