Kada ka sauke allon nan

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce za ka yi wa zaure fenti, kana tambaya ko ka sauke tsohon allon da ke rataye, ka maye gurbinsa da agogon nan mai hoton Ka'aba da ka sayo a kasuwar Wunti. Rataya agogonka, bango da faɗi, amma allon ka bar shi inda yake.

Allon zayyana ne, na saukar kakanka. Ranar da yaro ya kai izu sittin, akan rubuta masa Fatiha da farkon Baƙara a sabon allo, a kewaye su da zane na ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya karanta a gaban malaminsa, sannan ya zaga da shi gidajen dangi ana ba shi tukwici. Matsa kusa ka duba harafin fa: ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Rubutun Warshu ke nan, da shi muka yi karatu kafin bugun Madina na Hafsu ya cika masallatai. Tawadar ma a gida ake haɗa ta da ƙaro, shi ya sa har yau take ƙyalli.

Ka san Malam Yakubu almajirin Shehu Usmanu ne kafin ya karɓo tuta ya kafa garin nan na Bauchi a 1809. Garin da almajiri ya kafa, ai ba abin mamaki ba ne baƙo ya shigo zaure ya tarar da allo da buzu da buta. Tun bai yi sallama ta biyu ba ya san gidan da ya zo. Haka in ka je Bogoro, gicciye a bango da zanen zumuntar mata a kan igiya su ne za su gaya maka.

Yanzu kuwa gilashin mota ke magana. Wannan ya manna hoton Shehu Ibrahim Inyass, wancan ko hoton kansa ba ya rataye tun da Izala ta zo a 1978. Ni da baffanka mun sha musu a kan haka har tuwo ya huce, amma ban taɓa jin ɗayanmu ya ce a taɓa allon ba.

In za ka goge shi, busasshen tsumma kawai. Ruwa na taɓa shi rubutun zai bi.