Hukuncin mayar wa majiyyaci jininsa da ya zuba a ɗakin tiyata

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina rubutowa daga Mabera, cikin Sakkwato. Za a yi wa yayana aikin ƙashin kwatangwalo, likita ya ce akwai na'urar da za ta tsotse jinin da ya zuba lokacin aikin, ta wanke shi, a mayar masa. To ba jinin da ya kwarara najasa ne ba? Ya halatta a mayar da shi jiki? Kuma wankin na'ura yana tsarkake shi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya halatta, ɗan'uwa, idan aka cika sharuɗɗan da za su zo.

Gaskiya ne jinin da ya kwarara najasa ne a mazhabar Imam Malik, kuma Allah ya haramta cinsa a Suratul An'am, aya ta 145. Amma wannan hukunci ya shafi ci da sha ne, da tsarkin jiki da tufa da wurin salla. Zuba jini ta jijiya don ceton rai babin magani ne da lalura. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗauke wani sashe na jikin mutum a mayar wani wuri a jikinsa idan amfanin ya rinjayi cutarwa, ta kuma halatta karɓar jinin wani tunda abu ne da jiki ke sabuntawa. Idan na wani ya halatta, naka ya fi cancanta, domin babu fargabar saɓanin rukunin jini, ko ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga mai bayarwa. Ba a buƙatar wanki ya tsarkake shi kafin ya halatta. Da ya koma jijiya, hukuncinsa na sauran jinin cikin jiki ne, sallarsa ingantacciya ce.

Inda nauyin yake shi ne ingancin jinin, saboda hadisin "babu cuta, babu cutarwa" da ke cikin Muwaɗɗa. Ga yadda aikin yake. Ana tsotso jinin da bututu mai hanya biyu, ɗaya na jan jinin, ɗayar na kawo ruwan gishiri gauraye da maganin hana daskarewa, galibi hefarin, ma'auni 30,000 cikin lita ɗaya. Jinin ya taru a mazubi mai rariya da ke tare gudaji da ɓurɓushin ƙashi. Daga nan ya shiga wani kwano mai juyawa da tsananin gudu, jajayen ƙwayoyin jini su ware saboda nauyinsu, a wanke su da ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari, a zubar da sauran ruwan tare da hefarin da fasassun ƙwayoyi. Abin da ke shiga jaka jajayen ƙwayoyi ne masu kauri, sama da rabin abin da ke cikinta.

Kowane mataki yana iya ɓaci. Tsotso da ƙarfi fiye da kima, ko tsotsar iska tare da jini, yana farfasa ƙwayoyin, abin da ya fito daga cikinsu kuma yana wahalar da ƙoda. Shi ya sa ake son a riƙe ƙarfin tsotson kusa da 150 a ma'aunin na'urar. Kwanon da bai cika ba ba ya wankuwa da kyau sai an ninka wankin. Ruwa zalla marar gishiri yana fasa ƙwayoyin nan take, haka bai kamata aidin ko maganin tsayar da jini da aka zuba a rauni ya bi bututun ba. Jinin da ya haɗu da mugunya ko abin cikin hanji ana kauce masa. A aikin ciwon daji da na ciro jariri ana ƙara wata rariya ta musamman, likita ne mai yanke shawara. Sannan a rubuta sunan majiyyaci a jikin jakar, ta zauna tare da shi, ba a kai ta firji, a mayar masa cikin awa 4 da gama wanki.

Abu ɗaya nake so ku faɗa wa likita ko bai tambaya ba: idan yayanka yana da sikila. Ƙwayoyin mai sikila suna iya lanƙwashewa cikin na'urar, don haka yawancin likitoci ba su yi masa wannan. Ɓoye irin wannan bayani haramun ne.

Ku kuma sani jinin da aka wanke ba ya ɗauke da sinadaran da ke sa jini ya daskare, sun tafi da ruwan wanki. Idan zubar ta yi yawa za a nemi jini daga ma'ajiya, saboda haka dangi kada su janye daga bayarwa don sun ji akwai na'ura.

Akwai kuma abin da ake yi a wasu asibitocin da ba su da na'ura, musamman ga macen da ciki ya zauna mata a wajen mahaifa ya fashe: a kwashi jinin daga cikinta, a tace da bandeji mai tsabta ninki-ninki, a zuba a jaka mai maganin hana daskarewa. Wannan ba wankakke ba ne, haɗarinsa ya fi yawa. Na ga halaccinsa ne kawai idan rai na cikin haɗari, babu wani jinin a kusa, jinin kuma sabo ne bai canza wari ba.

Ma'aikacin da ya kama na'urar ba tare da horo ba, ko ya taƙaita wanki don sauri, har cuta ta auku, akwai lamuni a kansa, saboda hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi likitanci ba a san shi da shi ba, shi ne da biya. Kuɗin da asibiti zai karɓa kuwa ladan aiki ne da kayan aiki, bai shiga hanin da shari'a ta yi na cin kuɗin sayar da jini ba.

Allah ya ba yayanka lafiya. Wallahu a'alam.