Ga 'yar'uwar da aka ce ta kai kayan zaƙi mai sanyi bikin makarantar 'yarta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na kwana da ita a raina, domin abin da kike ciki na taɓa shiga irinsa. Kin ce malamar 'yarki ta aiko da takarda cewa za su yi bikin kaka a aji ranar 31 ga Oktoba, an sa sunanki a masu kawo kayan zaƙi mai kirim da sanyi, wanda zai yi kama da abin tsoro irin na Halowin, bikin shigar dodanni da ake yi a nan Amurka, ke kuma ba ki san ta inda za ki fara ba, kina tsoron haram, kina tsoron kada ya narke a ji kunya. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, zan gaya miki duk abin da na sani, amma ki bari na fara da abin da ya same ni.

A 2019 ne, shekararmu ta biyu a jihar Ohayo, babban ɗana yana aji biyu. Ranar ta faɗo Alhamis. Ban tambayi kowa ba, na ce ai na iya kastad tun muna gida. Bayan isha'i na dama shi da kauri, na buga kirim, kuma tun kastad ɗin bai gama hucewa ba na juye kirim ɗin a kai saboda barci nake ji. Sai na ce bari na sa zoɓo don ya yi ja kamar jini. Na zuba shi kai tsaye na gauraya. Zoɓo yana da tsami, madara kuwa ba ta shiri da tsami. Tun a daren na ga ya fara ƙananan gudaji, na ce firij zai gyara. Da safe na ɗora farantin a kujerar mota, hita tana ta hura shi har makaranta. Na ajiye a aji wajen takwas da rabi, ashe bikin sai biyu na rana.

Da na je ɗaukarsa, na same shi a bakin ƙofa riƙe da farantin da hannu biyu, ko cokali ɗaya ba a taɓa ba. Abin ya tsinke, ruwa mai launin hanta ya taru a sama, gudajin sun kwanta a ƙasa, har ya zubo masa a gaban riga. Bai yi kuka ba sai da muka shiga mota. Ya ce, "Umma, kowa an cinye nasa, nawa ne kawai aka tura gefe." Wallahi har yau in na tuna muryarsa a lokacin sai ƙirjina ya yi nauyi. Yaron da dama shi kaɗai ne mai irin sunansa a ajin, kullum yana ƙoƙarin kada a ga ya bambanta.

Amma abin da ya fi ƙona min rai ba wannan ba ne. Akwai wata tamu, 'yar gida, ɗanta yana makarantar, ta gan ni a wajen ajiye mota da farantin. Ba ta ce min komai ba, har sannu ta yi min. Bayan sati biyu muka haɗu a wani suna, falo cike da mata, ana cin abinci, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ga mai yi wa fatalwa girki nan ta iso." Aka yi dariya. Ta ci gaba, wai wasu daga zuwa Amurka sun manta da tarbiyyar da aka ba su. Matar nan da ta haihu ni na yi mata kwana huɗu ina kai mata kunun kanwa da farfesu cikin tsananin sanyi. In tana ganin na yi kuskure, me ya hana ta kira ni gefe, ko ta buga min waya? Nasiha a bainar jama'a ai tozarci ne. Na ajiye farantin abincina, na shiga banɗaki na yi kukana, na fito na yi sallama. Har yau muna gaisawa don Allah, amma ban sake taka gidanta ba. Ina gaya miki ne don ki shirya, za ki iya jin irin wannan maganar, kuma daga bakin wadda ba ki zata ba.

Maganar ko ya dace ko bai dace ba, wannan ki zauna da maigidanki ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Mu a gidanmu yara ba sa shigar dodanni, ba sa bin gidaje neman alawa da daddare. Amma abin da za a ci a aji, ina kaiwa, domin in ban kai ba ɗana zai ci na wasu da ban san me ke ciki ba.

To ga abin da nake yi yanzu, shekara da shekaru bai taɓa ba ni kunya ba. Mutanen nan suna kiransa fudin na ƙasa, saboda samansa kamar turɓaya yake, fudin kuwa ɗan'uwan kastad ne. Kafin ki sayi komai ki tambayi malamar abu biyu: ana karɓar abincin da aka yi a gida, kuma akwai yaron da jikinsa ba ya son gyaɗa ko madara? Makarantu da yawa a nan sai na kanti mai takarda a jiki suke karɓa, kada ki sha wahalar banza.

Ki sayi garin fudin na cakulan na Jell-O, wanda ba a dafawa, ƙaramin kwali biyu. Kada sunan ya tsorata ki. Wancan nasu mai rawa mai launi-launi shi ne jelatin, wanda sau da yawa na alade ne, wannan kuwa da sitaci yake kauri, amma duk da haka ki juya kwalin ki karanta da idonki. Kowane kwali ya ce kofi biyu na madara, ni kofi uku nake sa wa duka biyun don ya kama jikinsa sosai. Madarar shanu mai sanyi daga firij, kada ki sa ta waken suya, ba ya kamawa da ita. Ki kaɗa da maburgi minti biyu ki ajiye. Sai cukun Philadelphia guda ɗaya, mai oza 8, ki fito da shi awa ɗaya kafin lokaci ya yi laushi, ki buga shi da rabin kofi na garin sukari har ya yi sumul. In kika buga shi da sanyinsa gudaji zai yi, kuma ba ya gyaruwa. Shi ne ƙashin bayan abin, shi ke hana shi sakin ruwa.

Kirim kuma mai nauyi za ki nema, wanda maiƙonsa ya kai kashi 36 cikin ɗari, kofi biyu. Ki sa kwanon a firiza minti goma tukuna, sannan ki buga har in kin ɗaga maburgin ya tsaya da tsini. Da ya tsaya ki dakata, in kika zarce man shanu zai zama. Ki haɗa cukun da fudin, sannan ki juya kirim ɗin a hankali da ludayi daga ƙasa zuwa sama. Wannan yana cika min ƙananan kofunan roba 24, masu murfi. Kada ki yi a babban faranti, 'yar'uwa, ki ji maganata.

Af, banila. In girkin da kika gani ya ce a sa ruwan banila, ki sani dokar ƙasar nan ta ce na ainihi sai ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin ɗari. Akwai wanda ba barasa, akwai na gari a shagunan halal. A wannan ma ba ki buƙatarsa, cakulan ya isa.

Turɓayar kuwa biskit ɗin Oreo ne. Ki zuba a leda mai zif ki murƙushe da muciya. Ki sa kaɗan a ƙasan kofi, ki zuba haɗin, ki rufe, ya kwana a firij, ko aƙalla awa huɗu. Ta saman sai da safe, in ba haka ba ta jiƙe ta zama taɓo.

Inda na fi so ki kula shi ne alawar nan mai siffar tana da suke soka wa a kai. Yawancinta da jelatin ake yi, kuma sau da yawa na alade ne ko ba a faɗi daga ina yake ba. Haka farar alawar nan mai laushi kamar auduga. A wata shekara na sayi tanar ban karanta ba, ɗana ya ci biyu a kicin, sai daga baya na gani, na yi ta istigfari. Ki je shagon Larabawa ko na Somaliyawa ki nemi Haribo wadda aka yi a Turkiyya, da jelatin saniya ake yin ta, za ki ga tambarin halal. Ita ma da safe ake sa ta, firij yana sa ta tauri.

Za ki ga wasu suna kafa biskit a kai su rubuta masa kalmomi ya zama kabari. Ni ba na yi. Na binne mahaifina, na san me kabari yake nufi, ba zan sa ɗana ya ci shi da cokali yana dariya ba. Tanar da turɓayar sun isa su sa yara ihu. In kina son ƙari, ki rage kirim kaɗan ki tsiyaya ɗan tudu fari a saman kowane kofi, ki manna ƙwayar cakulan biyu su zama idanu. Ki kuma ɓare ƙananan lemu, ki soka guntun seleri a tsakiya, sai su fito kamar kabewa, ki jera a gefe saboda yaron da ba ya shan madara.

Zoɓon nan kuma ban haƙura da shi ba. A shagon 'yan Meksiko ake samunsa, suna ce masa hamaika. Ki tafasa cikin hannu ɗaya a kofi biyu na ruwa, ba citta ba kanumfari, ki tace, ki sa sukari, ki dama cokali biyu na sitacin masara da ruwan sanyi ki zuba, ki bari ya yi kauri ya yi sheƙi. Sai ya huce sarai ya sha firij, sannan ki ɗiga a saman farin kirim ɗin da safe. Ɗigawa kawai, kada cokali ya gauraya su. Shekarar da na fara yin haka malamar ta tare ni tana tambayar wane irin 'ya'yan itace ne.

Ranar kuma ki jera kofunan a kula da ƙanƙara, ki sa a but, ba kusa da hita ba. Abin madara ba ya wuce awa biyu a wajen firij. Ki tambayi ƙarfe nawa za a ci, in da hali ki kai rabin awa kafin nan, in kina wajen aiki ki roƙa a sa miki a firij ɗin malamai. Ki manna takarda a kan kular da jerin abin da ke ciki. Ki sa cokulan roba, ana yawan mantawa da su. Kuma ki bar 'yarki ta murƙushe biskit ɗin da kanta, ta soka tanar, don in an tambaye ta ta ce ita da mamanta suka yi.

In kina kusa da birnin Kolambas na Ohayo ki yi min magana ta gefe, ina da kula babba da ragowar kofuna masu murfi, kuma ranar Asabar zan shiga shagon halal, sai na ɗauko miki alawar gaba ɗaya.