Yadda Za Ka Mayar Da Mahayan Turai 'Yan Lifida

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce an kawo maka kwalin mahaya dawaki na Warhammer, wasan yaƙin da ake yi a kan tebur da ƙananan mutum-mutumin roba, daga Ingila, kana son ka mayar da su 'yan lifida irin namu, ka haɗa rundunar da za ta kara da macijin Kusugu a kan tebur, amma duk hannun da ka yanke ka liƙa sai ya ɓalle. Aikin mai yiwuwa ne, ni ma shi nake yi nan Katsina.

Kafin ka sake taɓa gam, san irin robar da ke hannunka. Yawancin kwalayen Games Workshop, kamfanin Nottingham da ya fito da Warhammer a 1983, roba ce mai tauri wadda ake kira folistirin. Ita gam ɗinta daban ne, irin na Tamiya ko Revell, wanda ke narkar da fuskokin biyu su haɗe su zama abu guda. Idan kuwa robar mai laushi ce, wadda mashi ke lanƙwashewa ya dawo, wannan gam ɗin ba ya kama ta ko kaɗan, sai supa gulu. Haka ma na ƙarfe da na rezin. Supa gulun kasuwa yana aiki, amma ɗigo ɗaya ya isa. Mutane na zuba shi kamar suna miya, shi ya sa ba ya bushewa da wuri, kuma ya bar farin tabo.

Hannun da ke ɓalle maka kuwa, ƙusa yake buƙata. Sami ƙaramin abin huda na hannu mai bakin milimita 1, ka huda kafaɗa, ka huda hannun, ka yanko guntun wayar nan ta maƙale takardu ka zura tsakani, sannan gam. Mutumin da duk tsawonsa milimita 28 ne ko sama da haka kaɗan, wurin haɗin kafaɗarsa bai kai ƙwayar gero uku ba, gam kaɗai ba zai riƙe mashi mai tsawo ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ka fara da ƙari, fara da ragi. Ɗauki sabuwar aska ka kankare ƙarfen kafaɗa, da tambarin garkuwa, da duk wani ado na Turawa da ke jikin doki. Idan ka bar su ka lulluɓe, lifidin zai fito da ƙulli-ƙulli. Yanka kana tura askar gaba, ba wajen babban yatsanka ba.

Lifidin da Green Stuff nake yi, ƙullin nan mai launi biyu, shuɗi da rawaya, da ake murzawa har ya koma kore. Shafa ɗan Vaseline a kan leda, ka sa ƙullin tsakani, ka murza da kwalba har ya yi siriri. Kada ka ɗora nan take. Bar shi ya ɗan huta ya rage danƙo, sannan ka yanka gida biyu, na ƙirji da na ƙugu, domin haka na gaskiya yake, ba zani ɗaya ba ne aka yafa wa doki. Ka ɗora, ka danne gefe da jiƙaƙƙen tsinken sakace, ka ja layukan ɗinki da bayan aska. Lifidi cushe yake da auduga, saboda haka tsakanin layi da layi ya kamata ya ɗan kumbura, kuma ya sauka da nauyi, ba ya kaɗawa da iska kamar yadda wasu ke sassaƙa shi. Gefe ɗaya za ka yi yau, gobe ka yi ɗayan. Idan ka ce sai ka gama duka a zama guda, zanen yatsanka za ka tarar a cinyar doki.

Wani abu da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba: zafinmu. Su suna cewa kana da awa ɗaya da rabi kafin ƙullin ya fara tauri. A watan Afrilu a Katsina kada ka dogara da wannan. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, ka yi aiki da sassafe ko bayan isha'i, sauran kuma ka ajiye a firji. Da hunturu, ƙura ce abokiyar gaba, kifa roba a kan duk abin da bai bushe ba. Ƙullin da masu gyaran famfo ke toshe tanki da shi ma yana amfani wajen cike rami, sai dai cikin 'yan mintuna yake sandarewa, ba ya yin aikin ado.

Sulke ya fi komai sauƙi: shimfiɗa siririn ƙulli a ƙirji, ka bi shi da bakin allura layi-layi. Kwalkwali kuwa, yanke saman hular ƙarfen, ka gina naka, ka dasa gashin jimina da zaren waya. Rawani siririn zare ne na ƙulli da za ka naɗa zagaye, kar ka manta amawali. Ni shawarata, ka je hawan Sallah da wayarka, ka tsaya wajen Ƙofar Soro, ko ka leƙa Daura ranar hawan Magajiya, ka ɗauki doki ta gefe da ta baya. Faɗin likkafa da tudun sirdi su ne ke sa mai kallo ya ce wannan namu ne, tun kafin ka shafa fenti.

In kana da mai kawo maka kaya, kana kuma son ciro kai ko takobi daga wani kwalin, kwalin mayaƙan Ansar na Sudan na kamfanin Perry yana da masu da takubba miƙaƙƙu masu kama da namu, Gripping Beast kuma suna da mahayan Larabawa masu rawani. Amma ka gwada kafin ka liƙa. Mutanen Warhammer manyan kai da manyan hannu gare su, kan Perry a jikinsu ƙanƙancewa yake. Kuma in ka taɓa tunanin shiga gasar da Games Workshop ke shiryawa da kansu, kayansu suke so a gani a tebur. Gasar Kings of War, wani wasan tebur na wani kamfani daban, ba ta da wannan tsanani.

Macijin kuwa kada ka ɓata Green Stuff a kansa, tsada gare shi. Murɗa waya, ka naɗe da takardar alminiyam, ka rufe da Milliput, wani irin ƙullin, wanda ake lallashe shi da ruwa kuma yana karɓar sanfefa. Ɓawon jikinsa da bakin bututun biro za ka danna.

Waɗanda ka riga ka fenta, jiƙa su cikin Dettol mai ruwan ƙasa su kwana, ka goge da tsohon buroshi, kada ruwa ya taɓa su sai fentin ya fita, in ba haka ba ya zama danƙo. Ruwan goge farce na mata kuwa kar ka kusance shi, narkar da robar zai yi. Fara da doki ɗaya, ka turo mana hotonsa kafin ka yanka sauran.