Amsa: yawan yankewa wajen aski da aska

Ɗan'uwa, ka ce duk sanda ka yi gyaran fuska da aska sai ka yanke, musamman a haɓa.

Fara duba askar. Dakusasshiya ta fi yanka mutum, domin sai ka danna ta kafin ta ci gashi, dannawar nan kuwa ita ke jawo rauni. Ka goga ta a fatar wasa aska kafin ka fara. Jiƙa gemun da ruwan ɗumi, kumfa ta wadata, kada ta bushe. Ja fatar fuskarka da ɗaya hannun ta miƙe, ka kwantar da askar kamar digiri 30, ka bi yadda gashin ya kwanta. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne zamewar aska ta gefe, nan take take tsaga fata.

In ka yanke, wanke da ruwan sanyi, danne da tsumma mai tsabta, sannan ka shafa alif. Akwai raɗaɗi, amma yana tsayar da jini. In yankan ya yi zurfi, ko jinin ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ka tafi asibiti. Kuma don Allah kada ka haɗa aska da kowa, ciwon hanta yana yaɗuwa ta jini.